Ƙaiƙayin Bakin Kawu Ubale

Kawu Ubale ƙanin mahaifiyata ne, kuma a gidansa na tashi, a bakin garin Gumel ta hanyar Maigatari, tun ina ƙarama da aka kai ni riƙo. Dogo ne siriri, mai jajayen idanu, kullum da tsumman share hanci a aljihun gaba. Magana kuwa sai an roƙa. Matarsa, Inna Murja, takan ce ita dai ta auri mutumin da in ba don gaisuwa ba da harshensa ya yi tsatsa. Shi ya sa har yau abin ke ci mini rai, a ce duk mutanen duniya shi ne magana ta raba da ɗan'uwansa, maganar ma da bai yi niyyar yi ba.

Aikinsa gadin itatuwa. Tun yana saurayi aka ɗauke shi aikin gandun daji, lokacin da gwamnati ke dasa layi-layi na darbejiya, wadda mu nan muke kira maina, don ta tare hamada. Shi ya yi ta dakon ruwa a jarka yana ba su tun suna ƙanana, shi ya kewaye su da ƙaya, da suka girma kuma aka ce ya tsare su daga gatari da awaki. An taɓa mayar da shi Sule Tankarkar na 'yan shekaru, aka sake dawo da shi. Aikin ba shi da wani labari. Ka fita da safe a keke, ka bi layi har ƙarshensa, ka juyo ta ɗaya layin, ka ba makiyayi haƙuri ya janye garkensa, ka ƙwace gatarin wata tsohuwa da hantsi ka aika mata da abinta da yamma. Ya haura shekara talatin yana wannan, bai sami ƙarin girma ba, bai kuma nema ba. Keken ma sai da ya gaji don kansa ya karye tukuna Kawu ya sayi tsohon babur.

Asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Gagarawa. Da kakanmu ya rasu an raba gonaki, kowa ya kama nasa. Abu ɗaya aka bari ba a raba ba, wato garkar da ke cikin kwari a bayan gari, mai rijiya ɗaya da bishiyoyin mangwaro da 'yan gwaba. Mahaifiyata ta karɓi wani ɗan fili a madadin kasonta, garka ta zama ta maza biyu. Kawu Sha'aibu, wanda shi ne babba, yana zaune a ƙauye, shi ke nomanta, da ita yake ciyar da gidansa. Kawu Ubale yana da albashi, ko da bai taka kara ya karya ba, don haka bai taɓa tambayar ko ganyen rama daga cikinta ba. Bai kuma taɓa buɗe baki ya ce ya bar wa yayansa ba. A ganinsa faɗin ma rashin kunya ne, kamar yana yi wa babba gori.

Shi kuwa Kawu Sha'aibu tsantseninsa har ya yi yawa. Irin mutanen nan ne da in baƙuwar kaza ta yi ƙwai a gindin dangarsa sai ya bi gida-gida yana cigiyar mai ita. Tsoron haƙƙi ya hana shi ƙiba. To ga shi yana ci daga garkar da rabinta ba nasa ba, ƙanin nasa kuma ba ya magana. Sai suka samo wa kansu hanya, ba tare da sun taɓa zama sun shirya ta ba. Kowace bazara, in mangwaro ya fara nuna, Kawu Sha'aibu zai tsinko na fari ya cika kwando, ya shigo motar Gumel, ya zo ya zauna a zauren gidanmu. Zai zaɓi ɗaya ya wanke, ya miƙa wa ƙaninsa da hannunsa. Ba zai sha ruwa ba, ba zai dubi abinci ba, sai ya ga Kawu Ubale ya shanye shi tas har ƙwallo. In ya shanye ya ce, "Alhamdu lillahi, bana ma ya yi zaƙi," shi ke nan, garka ta halatta har wata shekara. Nan take za ka ga kafaɗun Kawu Sha'aibu sun sauka, ya ce a kawo fura, ya fara tsokanar Inna Murja cewa damunta ya fiye ruwa. Ranar ce kaɗai a shekara nake jin dariyar Kawu Ubale daga cikin gida.

Babu wanda ya taɓa gaya mini ma'anar wannan mangwaron. Da ido na gane, kamar yadda kowa a gidan ya gane.

Kawu Ubale kuma yana da wani tsohon ciwo, tun ban yi wayo ba na san shi da shi. Da zarar zafi ya fara shigowa maina ta yi fure, ƙamshinta ya cika hanya, sai mura ta sauka wa Kawu. Atishawa a jere har sai ya dafa bango, hanci yana zuba kamar famfon da ya lalace, idanu su kumbura su yi ja. Wata biyu, wani lokacin uku, sai ruwan farko ya sauka take ɗaga masa ƙafa. Murar bazara muke ce mata. Ba abin da bai gwada ba. Ya sha jiƙo, ya yi sirace, ya shaƙi hayaƙi iri-iri, ya sayi ƙulle-ƙullen masu magani a kasuwar Alhamis ta Maigatari har da wanda aka ce daga Damagaram aka kawo. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce zafi ne, wani ya ce iska ya gamu da ita a cikin itatuwa. Daga baya ya gaji da nema, ya ƙara tsumma ɗaya a aljihu ya ci gaba da fita aiki. Ba wanda ya kawo wa ransa cewa da itatuwan da yake gadi abin yake tafe, don kowa ya san maina magani ce, ganyenta muke dafa wa mai zazzaɓi.

Abin baki daga baya ya zo, girma ya riga ya fara kama shi. A wani azumi da ya faɗo cikin zafi aka yanka kankana a buɗa baki, ya ci yanki ɗaya, sai aka ga yana murza leɓe yana kakari a hankali. Ya ce wai kamar ya tauna ƙaiƙayin gero. Bayan ɗan lokaci abin ya lafa, aka ɗora wa takin zamani laifi, aka ce kankanar yanzu duk magani ce. Sai gwaba ta yi masa haka, sai ayaba. Ɗaya bayan ɗaya ya janye hannunsa daga kayan marmari, bai yi wa kowa bayani ba, in an miƙo ya ce ya ƙoshi. Mangwaron fari kaɗai bai iya cewa ya ƙoshi ba. Ashe yana shanyewa ne a gaban yayansa, in baƙo ya tafi ya zagaya bayan ɗaki ya yi ta kurkurar baki da ruwan gishiri. Inna Murja ce kaɗai ta sani.

Shekarar da abin ya faru na riga na yi aure, ina ɗinki a cikin gari, amma na zo gida ranar saboda na ji Kawu Sha'aibu zai zo. Bayan ƙaramar salla ne, maina ta yi fure kamar ba za ta sake ba, murar Kawu kuma ta fi ta kowace shekara. Ni na kai musu ruwan wanke mangwaron zaure, na tsaya gaisawa, don haka komai a idona aka yi.

Kawu Ubale ya karɓa, ya yi bisimilla, ya gatsa, ya tsotsa kaɗan, sai ya tsaya. Ya daɗe riƙe da shi. Sannan ya ajiye a kan murfin kwano ya shiga goga leɓensa da bayan hannu.

Kawu Sha'aibu ya ce, "Lafiya? Da tsami ne?"

"A'a, Yaya. Bakina ne ke ƙaiƙayi."

Kowa ya san abin da ake nufi in an ce bakin mutum na ƙaiƙayi. Akwai maganar da ta cika masa ciki, yana neman inda zai sauke ta. Da wani mai surutu ne ya faɗa, da dariya za a yi. Amma daga bakin mutumin da bai taɓa cewa uffan a kan garka ba, ga mangwaron garkar a ajiye da shaidar haƙori, na ga fuskar Kawu Sha'aibu ta sauya. Ya gyara zama, ya tanƙwashe ƙafa.

"To sosa shi mana, Ubale. Ina jin ka."

"Ba magana ba ce, Yaya. Ƙaiƙayi ne na gaske."

"Tun yaushe kake jin sa?"

Nan ne na so a ce Allah ya yi kawuna da ɗan wayo ko na sisin kwabo. Sai ya faɗi gaskiya tsirararta. Ya ce, "Ya kai shekara uku. Daurewa nake yi."

Kawu Sha'aibu ya maimaita shekara ukun a hankali, yana duban kwandon. Na sa baki na ce wallahi kankana ma haka take yi masa, gwaba ma haka. Ya dube ni ya ce Allah ya yi mini albarka, in shiga ciki. Daga bayan ƙofa na ji Kawu Ubale ya sake ɗaukar mangwaron zai ƙarasa, yayan ya ce ya bari, ba a yi wa mutum dole. Furar da Inna Murja ta dama ta dawo yadda aka kai ta. Kafin azahar ya kama hanyar tasha, ya ƙi a kai shi a babur.

Labari ya riga mu isa ƙauye. Wasu suka ce Ubale ya ga ritaya ta matso, ya tuna da gado. Wasu suka ce matarsa ce ke zuga shi. Har aka sami wanda ya ce tsoron sammu yake yi, shi ya sa ya ƙi ci daga hannun ɗan'uwansa. Kawu Sha'aibu bai ce ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ban ma taɓa jin ya aibata ƙaninsa ba. Shi abin da ya tsaya masa a rai ɗaya ne, wato shekara uku yana ciyar da 'ya'yansa da abin da mai shi bai yafe ba. Mahaifiyata, da ke zaune a can ƙauyen, ta je ta yi masa magana, ya ce ya ji. Kawu Ubale ya kira shi a waya ya fi a ƙirga, a gaisa, a tambayi iyali, in ya fara kame-kamen bayani sai yayan ya ce ba komai, Allah ya bar zumunci, ya kashe.

Ni na matsa wa Kawu Ubale muka je asibiti, don na gaji da ganin mutum yana ramewa a kan abin da ba shi da suna. Muka dace da wata ma'aikaciyar lafiya mai haƙuri. Ba ta yi saurin rubuta magani ba, tambayoyi ta yi ta yi. Wane lokaci murar ke zuwa, wane aiki yake yi, waɗanne 'ya'yan itace ke taɓa shi, in an dafa abu a miya yana jin ƙaiƙayin ko ba ya ji. Da ta gama ta ce ga dukkan alamu jikinsa ne ba ya shiri da garin da ke tashi daga furen itatuwa, shi ne murar bazarar. Ta ce a wasu masu irin wannan, in an daɗe, jikin yakan ruɗe, ya ɗauki wani abu da ke cikin ɗanyen kayan marmari a matsayin garin furen nan saboda suna kama, sai ya tayar da faɗa a baki da maƙogwaro. Ya fi tsanani a lokacin fure, kuma sau da yawa in an dafa abin ba ya yi. Ta ce ba za ta iya rantsewa a kan wace bishiya ce ba sai an yi gwaji a babban asibiti, amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin maina, ita za a fara zargi. Ta rubuta masa ƙwaya, ta ja masa kunne cewa ya bar gwada kansa, ranar da kuwa ya ji numfashi na yi masa wuya kada a tsaya jiƙo, a kawo shi da gudu.

Duk bayanin nan kalma ɗaya Kawu ya ce. "Maina?" Ta ce mai yiwuwa. Ya yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, ya ninke takardar maganin ya sa a aljihu. Ni tausayi ne ya kama ni, da haushi, ban ma san wa nake jin haushi ba.

Na ɗauka mun sami mafita. Washegari na rufe shago na shiga motar Gagarawa, na sami Kawu Sha'aibu a garka, na zayyana masa komai yadda aka gaya mana, har da kwatance da hannu. Ya saurare ni har ƙarshe, don ba ya katse mutum.

Sannan ya ce, "Tayyiba, maina tana can hanyar Maigatari, mangwarona yana nan cikin kwari. Me ya haɗa su? Shekara nawa yana ƙarƙashinta yana shan mangwaron nan lafiya lau? Ku dai kuna son ku rufa masa asiri ne, kuma na gode."

Na ce to ai in an dafa yana sha, Inna Murja ta gwada da na kasuwa, ta tafasa shi ya zama kamar fate, ya shanye ba ko tari. Ya ce abin da sai an ɗora a wuta kafin ya wuce maƙogwaron mutum, ai da magana a cikinsa. Na dawo gida kaina na ciwo. Tun daga ranar na san ba jahilci ke damunsa ba. Da jahilci ne da bayani ya isa. Shi ya riga ya yanke wa kansa hukunci, duk abin da ka kawo masa sai ya zama ƙarin shaida.

Inna Murja ta kawo shawarar da kowa zai kawo. Ta ce a tara liman da mai unguwa, Kawu ya faɗa a gabansu cewa ya ba yayansa kasonsa kyauta, magana ta mutu. Kawu Ubale ya ƙi. Ya ce da bare ake kafa shaidu. Ya ce ranar da ya tara wa Yaya mutane a kan garkar ubansu, ranar sun zama mutum biyu da suka yi ciniki. Ta ce to yanzu da ba ku yi cinikin ba me kuka zama? Ya ɗauki buta ya fita.

Damina ta zo ta wuce, ya yi ritaya, murar ta dawo a kan lokacinta kamar ba ta ji labarin ya bar aiki ba, don maina har ƙofar gidansa akwai ta, shi ya dasa. Bazara ta yi, mangwaro ya cika kasuwa, zaurenmu shiru. Sai mahaifiyata ta zo da labarin da ya tsinka mana zuciya. Kawu Sha'aibu ya ɗaure igiya ya raba garka biyu da kansa, ba alƙali ba mai unguwa, ya bar wa ƙaninsa ɓangaren da ya fi kyau, wanda rijiya take ciki. Ya hana 'ya'yansa tsallake igiyar. Mangwaron wancan ɓangaren yana nuna yana zuba yana ruɓewa, awaki da jemagu suna biki. Rijiyar da yake yashewa da hannunsa kowace shekara ya daina ɗibar ruwanta. Daga famfon gari yake turo jarkoki a kura yana ba 'yan kayan miyarsa, dattijo mai ciwon gwiwa, rabin shukar ma ta ƙone. Gidansa an fara auna hatsi da hankali.

Kawu Ubale ya ji wannan ya kwana da shi. Da safe ya aiko a kira ni, ya ce in raka shi ƙauye. Na ce ya sha ƙwayarsa kafin mu tashi, ya ce a'a, in riƙe ta a jakata. Na gane abin da zai yi, na yi masa magiya, na tuna masa gargaɗin asibiti. Ya ce Yaya bai taɓa ganin abin da idonsa ba, kullum ɓoyewa ake yi, yau zai gani. Ya tayar da babur, na hau baya ina ta addu'a.

Warin ruɓaɓɓen mangwaro ne ya fara tarbar mu. Mun sami Kawu Sha'aibu yana juye jarka a kwamin albasa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Suka gaisa. Kawu Ubale ya tsallake igiyar, ya miƙa hannu ya tsinko nunanne, ya dawo gaban yayansa ya tsuguna. Ya shanye shi har ƙwallo. Ya tashi ya tsinko na biyu, shi ma ya shanye. Ya ce, "Alhamdu lillahi, bana ma ya yi zaƙi," amma muryar ta riga ta fara shaƙewa.

Ban taɓa ganin abin ya yi masa irin na ranar ba. Leɓensa ya haye, na sama ya kusa taɓa hanci, idanu suna zubar da ruwa, yana ta sosa maƙogwaro ta waje da yatsu. Na ɓare ƙwayar na tura masa, ina tambayarsa ko numfashi na fita, ya gyaɗa kai. Kawu Sha'aibu ya yar da jarka, ya durƙusa ya tallafo kansa, shi ya riƙe masa kofin ruwa, yana kiran sunansa yana salati. Ya zaunar da shi a inuwa yana yi masa fifita da hularsa. A raina na ce shi ke nan, wahala ta ƙare, ido ya gani.

Sai da kumburin ya fara saɓewa, numfashi ya daidaita, Kawu Ubale ya ce da ƙyar, "Ka gani, Yaya? Ciwo ne."

Kawu Sha'aibu ya daɗe yana kallonsa, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Na gani. Bakinka ya yafe mini, Ubale, na yarda. Jikinka ne ya ƙi. Haƙƙi ba ya ɓuya."

Ni dai zama na yi a ƙasa. Ba fushi na ji ba a lokacin, gajiya ce kawai, irin wadda ko kuka ba ka iya yi. Kawu Ubale ya rufe ido. Da ya buɗe, ya dubi albasar da ta ƙone, ya dubi kurar ruwa, ya dubi gwiwoyin yayansa. Sannan ya ce mini in je in gaya wa mahaifiyata ta aika a sanar da liman da mai unguwa, yana son ganin su bayan la'asar.

A ƙofar gidan mai unguwa aka zauna, mu mata muna daga cikin soro muna ji. Mutane sun taru fiye da yadda aka kira, kamar yadda aka saba. Kawu Ubale ya yi maganar da ta fi kowace tsawo a rayuwarsa, da leɓe a kumbure, har sai da liman ya ce ya maimaita don na baya ba su ji ba. Ya ce shi Ubale, da hankalinsa, ba wanda ya tilasta shi, ya ba yayansa Sha'aibu kasonsa na garka kyauta, ƙasa da itatuwa da rijiya, abin da aka ci a baya kuma ya yafe duniya da lahira. Liman ya tambayi jama'a ko sun shaida, suka ce sun shaida. Ya juya ga Kawu Sha'aibu ya tambaye shi ko ya karɓa.

Ta tsagar ƙofa na ga ya taso daga inda yake, ya zo gaban ƙaninsa, wanda ya goya a bayansa suna yara, ya rusuna masa, ya kama hannunsa da hannu biyu.

"Na karɓa. Allah ya saka da alheri, Malam Ubale. Na gode, na gode ƙwarai."

Aka shafa fatiha, jama'a suna ta sa albarka, suna cewa ba su taɓa ganin 'yan'uwa masu tsoron Allah irin waɗannan ba. Kafin magariba an kwance igiya, 'ya'yan Kawu Sha'aibu sun zura guga a rijiya. Garka ta farfaɗo a shekarar, yanzu har injin ban ruwa sun saka. Tsakanin dattawan biyu kuma babu faɗa, ba za a taɓa yi ba. Suna haɗuwa a suna da jana'iza, Kawu Sha'aibu ya taso da sauri ya gaishe shi, ya ba shi wuri mai kyau a tabarma, ya gaya wa na kusa da shi irin alherin da wannan bawan Allah ya yi masa. Bai sake kwana a Gumel ba, bai sake tsokanar kowa a gidanmu ba.

Ranar da muka baro ƙauyen, sun so mu kwana, Kawu ya ce yana da uzuri. A hankali yake tuƙi, ban sani ba ko ƙwayar ce ta kashe masa jiki. Sai da muka yi nisa muka hau kwalta ya ɗan juyo da kansa.

"Tayyiba, kin ji abin da ya kira ni?"

Na ce na ji, Kawu. Tun da nake ban taɓa jin ya ce masa Malam ba sai ranar.

Ya gyaɗa kai, ya mayar da idonsa kan hanya. A haka muka shiga Gumel.